Tafiya da Ƙafa Tare da Addu'a Daga Littafi Mai Tsarki: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Fama da Damuwa a Jos

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin masu bi a nan Jos, a zumuntar mata, a taron matasa, da bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Kusan duk masu tambayar abu ɗaya ke cin su: kuɗin makaranta, kuɗin haya, marar lafiya a gida, fargabar abin da zai iya tashi a gari, ga barci ya ƙaurace wa ido. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu nauyi.

Me ake nufi da haɗa tafiya da addu'a?

Ka zaɓi aya guda, ko ma rabin aya, ka haddace ta. Sai ka fita ka taka ƙasa na minti 20 zuwa 30, kana juya ta a zuciya, kana mai da ita roƙo ko godiya. Shi ke nan. Ba ruwanka da kayan wasanni ko kuɗin rajista, kuma ko wanda bai iya karatu ba zai iya, muddin wani ya karanta masa ayar har ta zauna.

Wanda kansa ya ɗau zafi ya san abin da ke faruwa idan ya durƙusa: ko barci ya kwashe shi, ko ya tsinci kansa yana lissafin bashi a tsakiyar addu'a. Tafiya tana ba jiki abin yi, ayar kuma tana ba zuciya wurin tsayawa.

Wannan yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, ko dai wani sabon yayi ne?

Tsohon abu ne. A Maimaitawar Shari'a 6:7 an umarci Isra'ilawa su riƙa zancen maganar Allah suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Farawa 24:63 ta nuna Ishaku ya fita saura da yamma shi kaɗai, kuma a yawancin fassarori an ce tunani ya fita yi. Zabura 120 zuwa 134, guda 15, ana kiransu waƙoƙin hawa, masana da yawa kuma suna ganin masu zuwa idi ne suke rera su a hanyar haurawa Urushalima. Shi ya sa suke gajeru, masu sauƙin riƙewa a ka.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne labarin Luka 24. Almajirai biyu sun bar Urushalima zuwa Imuwasu, tafiyar kimanin kilomita 11, zuciya a karye bayan gicciye. Yesu bai tsayar da su ya zaunar da su ba. Ya bi su a hanya, ya bari suka amayar da abin da ke cikinsu, sannan ya buɗe musu Nassi suna tafe.

Sai dai a lura, babu ayar da ta ce dole sai an yi tafiya kafin Allah ya ji. Kada kowa ya mai da wannan doka, ko ma'aunin ruhaniyar wani.

Amma ai Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wannan ba addu'ar nuna kai ba ce?

Abin da Yesu ya tsawatar a Matiyu 6:5-6 shi ne tsayawa a kan hanya don mutane su gani su yaba. Shi da kansa yakan tashi da asussuba ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, kamar yadda Markus 1:35 ta faɗa. Gwajin mai sauƙi ne: idan wanda ka wuce ya ɗauka gurasa ka fito saya, to ƙofarka a rufe take. Idan kuwa kana ɗaga hannu kana ɗaga murya har masu shago suna leƙowa, ka koma wani abu dabam. Akwai ƙarin bayani a tambayar tafiya cikin ƙungiya, a ƙasa.

Ta yaya tafiya take rage damuwa? Ai matsalar tana nan idan na dawo.

Tana nan, ba wanda ya ce tafiya za ta biya haya. Abin da take canzawa shi ne jikin da zai tunkari matsalar. Idan hankali ya tashi, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adrenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, wuya da kafaɗu su sandare, suga ya ƙaru a jini. Allah ya shirya jiki haka domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa daga haɗari. To, amma saƙon mai gida ko takardar asibiti ba abin da ake guje wa da ƙafa ba ne. Kana zaune, jiki kuwa ya gama shirin gudu, kamar mota a tsaye ana ta ba ta wuta. Tafiya ce take amfani da wannan ƙarfin da ya taru.

Wanda ya ɗore da ita yakan ga barci ya gyaru, hawan jini ma yakan ɗan sauka. Hasken safiya yana taimaka wa jiki ya daidaita lokacin barci da na farkawa, shi ya sa masu kwana ido biyu suka fi cin moriyar fitar safe.

Rabon ayar kuma shi ne ta katse saƙa da warwara. Mai damuwa yana iya yin tafiyar awa guda yana maimaita faɗan da suka yi da matarsa, ya dawo ya fi yadda ya fita zafi. Zuciya ba ta zama fayau. Idan ba ka ba ta abin taunawa ba, za ta ɗauko nata.

Kullum ina tafiya da ƙafa zuwa kasuwa da wurin aiki. Ai na riga na yi ke nan?

Jikinka ya samu nasa rabo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sauka a Terminus ya taka zuwa shago, ko mai hawan tudun unguwarsu da jarkar ruwa, ba ya bukatar a yi masa huɗubar motsa jiki. Abin da ya rage shi ne ayar. Ka ware wani yanki na hanyar da ka saba bi, misali daga ƙofar gida zuwa inda kake shiga keke, ka ce wannan na addu'a ne. Ka fita da wuri kaɗan don kada ka yi shi a guje. Tafiyar wanda ya makara ƙara tashin hankali take yi.

Minti nawa, kuma sau nawa a mako? Na ji ana cewa sai taku 10,000.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau biyar ya cika mafi ƙarancin. Matsakaici yana nufin numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Garin nan tudu da gangare ne, minti 10 a hawan Tudun Wada ba ɗaya ba ne da minti 10 a fili.

Zancen taku 10,000 kuwa asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Ba laifi ba ne a kai wannan adadi, amma ƙasa da shi ma yana da amfani sosai. A ganina ƙirgar taku ma ɓata wannan aiki take yi, domin mai duba waya kowane minti biyu ya ga inda ya kai, ya riga ya saki ayar.

Wace aya zan ɗauka?

Wadda ka riga ka sani. Dattawa da yawa sun haddace kalmomin tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wasu sun tashi da wadda ta biyo bayanta, wasu kuma da Turanci ko yarensu na gida suke addu'a. Wadda bakinka ya saba da ita, ita ce taka.

Bayan haka a duba irin nauyin. Mai damuwar abinci da sutura da kuɗin makaranta, Matiyu 6:25-34 tasa ce, musamman aya ta 34 da ke cewa wahalar yini ta ishi yinin. Mai jin tsoro a hanya ko da dare ya ɗauki Zabura 121, wadda ta fara da ɗaga ido zuwa duwatsu tana tambayar inda taimako zai fito. A Jos ba sai ka ƙirƙiro duwatsun a zuci ba, ga su nan ko ta ina ka juya. Wanda ya gaji liƙis, Matiyu 11:28 ko Ishaya 40:31. Wanda ya ɗauki nauyin dangi duka a kansa, 1 Bitrus 5:7 ko Zabura 55:22. Zabura 131 aya uku ce kacal, ana iya haddace ta a yini ɗaya.

Ga wanda ke cikin makoki ko fushi, kada a tilasta masa ayar murna. Zabura 13 da tambaya ta fara, har yaushe. Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da ta'aziyya ba, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba a cire ta ba. Filibiyawa 4:6-7 aya ce mai daɗi, amma na sha jin ana dukan masu damuwa da ita, wai ai an ce kada a damu. Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, gayyata ce a kawo damuwar gaban Allah. Idan ta zame maka bulala, ka ajiye ta tukuna ka ɗauki wata.

Yaya ake haɗa ayar da numfashi da taku?

Ka raba ayar gida biyu. Ɗauki farkon Zabura 23. Kana shaƙar iska ta hanci cikin taku uku, ka ce a zuci: Ubangiji makiyayina ne. Kana fitarwa cikin taku huɗu ko biyar: ba zan rasa kome ba. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin a lokacin fitar da numfashi ne bugun zuciya yake ɗan lafawa. Idan ka zo hawa, ka bar ƙirgar, ka yi numfashi yadda jiki ya nema.

Yawanci minti biyar na farko ba na addu'a ba ne sosai, na saukowa ne. Bayan nan sai ka riƙe ayar. Can tsakiya ka fara sa sunaye a ciki: makiyayin ɗana ne da ke jiran sakamakon jarrabawa, makiyayin mahaifiyata ne da ke kwance. A hanyar dawowa ka yi shiru, ko ka ambaci abu biyu ko uku na godiya. Masu bin Katolika da suka saba da rosari, wato carbin addu'arsu, sun riga sun san wannan salon, kuma suna iya tafiya da shi a aljihu.

Maimaita aya ɗaya ba shi ne maimaitawar banza da aka hana ba?

Matiyu 6:7 tana magana ne a kan masu zaton yawan surutu ne zai sa a ji su. Yesu da kansa ya maimaita roƙo ɗaya sau uku a Getsamani, Zabura 136 kuma tana maimaita layi ɗaya a ayoyinta 26 duka. Ba don Allah ya ji kake maimaitawa ba, ya ji tun farko. Kai ne ba ka gama ji ba. Inda za a kiyaye shi ne kada ayar ta zama laya, a ce in an faɗe ta sau kaza dole abu kaza ya faru.

Ina farawa sai hankalina ya gudu wani wuri. Ina yin kuskure ne?

A'a, kowa haka yake. Da ka farga ka koma kan lissafi, ka dawo kan ayar ba tare da zagin kai ba. Idan tunani ɗaya ya nace, wataƙila shi ne abin addu'ar yau, sai ka ambace shi da sunansa gaban Allah ka ci gaba. Ranar da kalma ta ƙi fitowa sam, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ka yi tafiyarka kawai.

Ina ya dace a yi a Jos, kuma da wane lokaci?

Wuri mafi kyau shi ne wanda ka sani, aka kuma san ka. Layin unguwarku, harabar majami'a, filin makaranta idan an ba da izini. Zagaye fili ɗaya sau goma ba abin kunya ba ne, ya ma fi sauƙin nutsuwa tunda ba ka tunanin hanya. Masu zama wajen Rayfield suna da tituna masu ɗan shiru. Wanda ke son itatuwa ranar Asabar yana iya zuwa gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, sai dai ana biyan kuɗin shiga. Duwatsun Shere, da suka haura mita 1,800, na fita ta musamman ne cikin ƙungiya da wanda ya san wurin, ba na mutum ɗaya mai neman kaɗaici ba. A nisanci bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, irin na wajen Bukuru da Rayfield. Suna da kyan gani, amma suna da zurfi, gefensu yana zaftarewa, kuma sun ci rayuka.

Idan dole sai ka bi bakin titi, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa. Keke da tifa ba su san kana addu'a ba. Ka sa tufa mai haske, ido a buɗe. Addu'ar rufe ido ta ɗaki ce.

Lokaci kuwa, bayan gari ya waye ana ganin fuskar mutum, ko da yamma kafin duhu. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 12, ga ƙurar hunturu. Mai asma ko tari ya jira rana ta ɗaga, ya rufe hanci. Da damina, musamman Yuli da Agusta, safiya ta fi tabbas. In ka ji tsawa ka sauka daga kan dutse, kada kuma ka fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Ranar da aka sa dokar hana fita ko gari ya yi tsami, tsakar gida ta isa.

Zan iya sa abin kunne in saurari karatun Littafi Mai Tsarki a waya?

A harabar da ke da katanga, ba laifi, kuma yana taimakon wanda karatu ke masa wuya. A kan titi ban ba da shawara ba: ba za ka ji mota ba, waya a hannu kuma tana kiran masu fizge. Ban da haka, sauraron sura biyar wani aiki ne, riƙe aya ɗaya wani aiki ne. Ka saurara a gida, ka fita da abin da ya maƙale.

Ni kaɗai ya fi, ko cikin ƙungiya? Kuma yaya zan yi da masu gaisuwa?

Mutum biyu ko uku ya fi aminci, musamman ga mata, kuma wanda ya san ana jiransa a bakin layi ba ya saurin fasawa. Ku yarda tun farko: rabin hanya shiru, rabin dawowa hira. In ba haka ba, tafiyar za ta koma zancen farashin masara da gulmar kwamiti.

Wannan ba zagayen addu'a ba ne irin na taro da waƙa da lasifika, wanda wasu ke kwatantawa da zagayen Yariko. Duk wanda ya zauna a garin nan tun rikicin 2001 ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba. Kada ka shiga unguwar da ba a san ka ba kana addu'a da murya, kada ka tsaya gaban masallaci ko gidan wani kana miƙa hannu. Mai neman kwanciyar hankali ba ya tayar da na maƙwabci.

Gaisuwa kuwa a amsa ta. In ka haɗu da tsohuwa, ka rage tafiya ka ce, “Mama, ina kwana? Yaya sanyi?” In maƙwabcinka ne yake dawowa daga sallar asuba, “Malam, an tashi lafiya?” Ayar ba za ta gudu ba. Wanda ya wuce dattijo ba gaisuwa wai yana cikin Ruhu, sunan da zai samu a unguwa dabam ne.

Ina da hawan jini, ko ciwon suga, ko juna biyu. Zan iya? Lokacin azumi fa?

Yawancin masu irin wannan hali tafiya tana yi musu amfani, amma a fara jin ta bakin likita ko ma'aikaciyar jinya da ta san fayil ɗinka. Mai hawan jini kada ya daina shan magani don ya fara tafiya, ko don awo ya sauka ƙasa da 140 bisa 90 na 'yan kwanaki. Likita ne zai rage, ba kai ba. Mai suga da ke shan magani ko allurar insulin kada ya fita da yunwa, ya riƙe alewa ko ɗan suga a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa in ya dawo. Mai juna biyu ta bi fili, ta guji santsi da duwatsu. Mai ciwon gwiwa ya sani gangare ya fi hawa cin gwiwa, sanda kuma ba abin kunya ba ce.

Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya ƙi isa: a tsaya nan take, a nemi asibiti. Lokacin azumin ikilisiya, kamar na farkon shekara ko na kwana 40 kafin Ista, a rage tsawo da sauri, ko a bari sai an buɗe baki.

Na yi makonni ina yi, ban ji sauƙi ba. Rashin bangaskiya ne?

Ba lallai ba ne, kuma duk wanda ya yi saurin ce maka haka ya sake karanta 1 Sarakuna 19. Iliya, bayan abin da Allah ya yi ta hannunsa a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya zauna ƙarƙashin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa. Ba a tsawata masa ba. Ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi, sannan ya kama tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Abinci da barci aka fara ba shi. Daga baya kuma aka ba shi abokin aiki, Elisha. Saboda haka ka duba: kana ci? Kana barci? Akwai wanda ya san halin da kake ciki?

Akwai kuma damuwar da ta zama ciwo. Idan mako biyu ko fiye suka wuce kana cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, ci da barci sun lalace, aiki ya gagara, to lokacin ganin likita ya yi. Haka ma wanda ya ga tashin hankali da idonsa, mafarkin abin yana dawo masa, ƙarar knockout, abin wasan nan mai fashewa na lokacin Kirsimeti, tana sa shi rawar jiki. Irin waɗannan suna da yawa a Filato, kuma ana magance su. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana kuma iya farawa daga asibitin Bingham da aka fi sani da Jankwano, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin unguwa, su tura ka inda ya dace. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya hana a ci gaba da tafiyar da addu'ar. Luka, wanda ya rubuta labarin hanyar Imuwasu, likita ne, Kolosiyawa 4:14 ta faɗa.

Idan tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ba na jira ba ne. Kada ka fita tafiya kai kaɗai. Ka faɗa wa wani yau ɗin nan, fasto ne, matar fasto ce, ɗan'uwa ne ko aboki, ka ce ya raka ka asibiti. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.